Kakan Zuri'a

Shekara bakwai Lauya ya yi yana rubuta tarihin zuri'arsu, yau kuma ranar ƙaddamarwa. Duk wani babba mai amsa sunan gidansu ya samu kati: tsohon alƙali, farfesan ido, janar mai ritaya, har da mai kamfanin siminti. A bangon littafin an zana kakan kakanni, mai asalin sunan, gemu har ƙirji, takobi a hannu. In taro ya amince da littafin, Lauya ne shugaban zuri'a, kujerar da ya daɗe yana haɗiyar yawu a kanta.

Hujja dai ba ta taka kara ta karya ba. Marigayi mahaifinsa bai taɓa zancen nasa uban ba, ko an tambaye shi sai ya karkata zuwa labarin makarantar kwana. Manyan nan ma duk can suka yi, kuma da ya bi su gida-gida, kowa cewa ya yi ya rubuta yadda ya ga ya dace. Lauya ya ɗauki wannan a matsayin kawaici irin na 'ya'yan manya.

Ana jera kujeru wani tsoho tukuf ya shigo yana dogara sanda, rigarsa ta koɗe amma ta sha guga. Ya ce a rediyo ya ji sanarwa, shi ma sunansa ke nan. Lauya ya tambayi muƙaminsa, ya ce babu. Aka ajiye shi can baya kusa da lasifika.

Lauya ya karanta babin yaƙe-yaƙen Kaka. Janar ya ƙura wa takalminsa ido, Alƙali ya yi ta kurɓar ruwa, ba wanda ya waiwaya.

Za a ɗaga hannu a amince ke nan, tsohon ya roƙi makirufo. Don a rabu da shi aka ba shi.

"Yaro, mai zanenka ya iya," in ji shi, "amma ni dutsen guga na riƙe, ba takobi ba. Ni ne mai wankin makarantar. Duk yaron da aka kawo ba uban da zai sa masa hannu, ni nake dangwala yatsa, magatakarda ya rubuta masa sunana. Babanka ne na huɗu."