Bahon da Balint Ya Haɗa

Wannan karon ma da Etelka ta farfaɗo, fuskar surukinta Balint ta fara gani. Tana kwance a kan ciyawar bayan gida, jiƙe sharkaf, shi kuma ya durƙusa yana bubbuga mata kumatu.

"Mama, barci ya sake kwashe ki a cikin ruwa," ya ce. "Daga yau ba ki shiga sai ina kusa."

Ta san barci, kuma wannan ba shi ba ne. Barci ba ya danne wa mutum ƙirji, ba ya sa numfashi ya riƙa zuwa ɗaya-ɗaya kamar ana rowarsa. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba tun ranar da aka binne mijinta.

Shi Balint ɗin ne ya haɗa mata bahon katakon da hannunsa, har da murhun itace a gefe mai ɗumama ruwan. Ciwon ƙugu ya daɗe yana cin Etelka, kuma mu nan ƙasar Hangari da ciwo ya ƙi ji sai mu kai shi ruwan zafi. Da hawa motar zuwa gidan wanka na gari ya gagare ta, sai ya kawo mata wankan gida. Duk ƙauye aka yi ta sa masa albarka, ban da ita. Tun ranar da ya zo neman 'yarta Dorka ba ta yarda da shi ba. Mutumin da ba ya musu, komai ka ce ya ce to, ai akwai abin da yake jira. Gidan kuwa nata ne, da gonar inabin da ke bayansa.

Duk bazara bahon bai yi mata komai ba sai alheri. Da kaka ta shigo ne abin ya fara.

Ta fara zargin shayin da yake kawo mata bakin baho, ta koma zubar da shi a gindin fure. Jirin bai fasa zuwa ba. Ta daina cin duk abin da ya taɓa, har burodin da ya yanka. Nan ma bai fasa ba. Rannan tana leƙe ta taga, ta gan shi yana barbaɗa wani farin gari a cikin ruwan.

"Maganin tsabtace ruwa ne, Mama," in ji Dorka da ta tambaye ta. "Ke dai ba kya rasa abin faɗa a kan Balint."

Daga nan ta ja bakinta. Mutum ɗaya ya rage mata a duniya, maƙwabciyarta Piroska, wadda suka yi makaranta tare, suka kuma yi takaba kusan tare. Ita ce mai miƙo mata miyar kaza ta kan shinge. Ita ce ta ba ta, a farkon kaka, ragowar filastar kashe ciwo ta marigayi Vilmos, mijin ita Piroskar, don a nan ba a zubar da maganin mamaci, sai a ba maƙwabci. Etelka kan manna ta a ƙasan baya, inda rigar wanka ke rufewa, saboda Dorka ta tsani maganin aro. Amma ko Piroska ba ta iya faɗa wa abin da take zargi ba, don kunya.

Ranar tsinkar inabi ta zo, ranar da kowa ke gona, har masu sanda. Etelka ta ce ƙugunta ba zai bar ta ba. Balint ya tsaya a bakin ƙofa yana juya hularsa.

"Bari in zauna da ke, Mama."

"Tafi. Inabin ba zai tsinke kansa ba."

"To don Allah kada ki shiga ruwa."

Ya so ya ga abin da idonsa, ta ce a ranta. Suna ɓacewa ta danna sakata.

Ta zare matoshin bahon, ruwansa ya tsiyaye tas. Ta goge katakon da burushi tana nishi, ta cika shi da ruwan rijiya, ta hura wutar da kanta. Yau za ta san gaskiya. In ta shiga ta fito lafiya, gobe sai ofishin 'yan sanda. Aikin ya tayar mata da ciwon, don haka ta manna sabuwar filasta kusa da tsohuwar. Rana ta karkata kafin ruwan ya yi zafin da take so, zafin da Balint ba ya taɓa bari ya kai.

Ta nutse har wuya. Daɗi ya ratsa ta, ciwon ya saki, har ta yi murmushi.

Sai nauyin ya zo. Ya fara daga fatar ido, ya sauko ƙirji. Ta nemi ɗaga hannu ta kama bakin bahon, hannun ya ƙi. Ba shayi, ba farin gari, ba Balint. Ta buɗe baki ta kira sunan da ba ta taɓa zaton za ta kira ba, sunan surukinta, muryar ba ta wuce shinge ba.

Can a gona, Piroska na zaune a kan kwando tana cin inabi fiye da yadda take tsinka. Ta dubi Dorka.

"Ya ƙugun tsohuwar taki? Filastar Vilmos ta yi mata aiki kuwa?"

"Wace filasta, Inna Piroska?"

"Ta ciwon dajinsa mana, mai ƙarfin nan. Ai dai tana ɓare ta kafin ta shiga bahon naku ko? Likita ya ce ko jikin murhu kada Vilmos ya zauna da ita, wai zafi kan juye wa mutum maganin kwanaki a jini lokaci guda, ya yi barcin da in ba a tashe shi ba, shi ke nan."