Sanda ta Sha Huɗu

Kwana uku da rasuwar Baba, abokansa na wasan golf suka zazzage jakarsa a tsakiyar falo. So suke su kai sandunan kulob ɗinsu, a saka a gilashi don tunawa da shi.

Abokin kasuwancinsa ya ce, "Allah ya jiƙan gwani. A kamfani haka, a fili haka. Bugu ɗaya yake yi, hannunsa ba ya kuskure."

Mama ta ce, "Haka ne."

Ya ƙirga sandunan, ya sake ƙirgawa. "Hajiya, sha uku na gani, kuma sha huɗu ce cikakkiyar jaka. Ko ɗaya ta ɓata a fili?"

"Ba ta taɓa zuwa fili ba."

Ta miƙe da ƙyar, tana jan ƙafar nan ta hagu da muka shekara ashirin muna ce wa mutane daga bene ta faɗo. Ta shiga ɗakin kwanansu, ta ɗauko sandar a bayan ƙofa, ta ajiye a gabansu. Ƙarfen ya lanƙwashe.

Ta ce, "Ku haɗa da wannan. Da ita ya fi ƙwarewa."