Muryar Inna a Filashi

Tun da aka kafa dokar goge muryar mamaci ranar arba'in, na ɓoye ta Inna a filashi. Tsohuwar kwamfutar Kawu Tanimu ce kaɗai ke tashi daga filashi ba ta kai rahoto ba.

Yau ina sokawa ta tashi nan take, babu tarin da ta saba yi.

"Barka da zuwa, Talatuwa," in ji ta.

"Kawu, wa ya faɗa mata sunana?"

Bai ɗago ba. "Hukuma ta ce ko in yi wa kwamfutar rajista, ko su rufe shagon."

Na danna muryar Inna. Shiru. An goge ta.

"Ƙanwarka ce fa, Kawu. Kuma kana zaune kana kallo na soka."