Maganin da Ya Karɓi Yayarta

Ka ce iyalinka za ta ari maganin tazarar haihuwa na maƙwabciyarta ta fara sha, in ya so daga baya a je asibiti. Zauna tukuna, ɗan'uwa. Kwanakin nan doguwar magana nauyi take yi mini, amma wannan misalin sai ka ji shi.

A wani gari na bakin fadama an yi wata maginiyar tukwane mai 'ya'ya mata biyu. Kamarsu ɗaya, har tafiyarsu, har yadda kallabinsu yake ɗan karkacewa hagu. In ɗaya ta juya baya, uwar ma sai ta kira sunan ɗayar. Ita uwar tana da wata ɗabi'a: ba ta miƙa wa mai saye tukunya sai ta ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa, ta kara a kunne. Takan ce yumɓu ɗaya ne, wuta ɗaya, amma wata tana da tsaga a ciki wadda ido ba ya gani, sai ta hau murhu take tona kanta.

Su biyun suka yi aure a garin. Babbar ta je asibiti, aka auna jininta, aka yi mata tambayoyi, aka ba ta ƙwayar tazarar haihuwa. Ta karɓe ta, ta yi kyau, yaranta suka sami sarari. Ƙaramar kuwa, matar wani matashi mai facin taya, kwanika ta gama da ita: tana goyo ciki ya shiga, ta yaye ba shiri, ta haihu, wani ya sake shiga. A cikinta na ƙarshe aka ce jininta ya hau. Ga ta kuma da ciwon kai na ɓari guda tun tana budurwa, irin wanda kafin ya sauko sai ta ga wani abu kamar walƙiya yana gilmawa a idonta. Ta gaji, mijin ma ya gaji da kallon gajiyarta, suka yarda a huta. Sai dai ƙofar ɗakin da ake ba da maganin tana kallon teburin mai shayi, inda abokansa suke wuni, shi kuma ba ya so a ce ga matar wane can a layi. Ita ma kunyar ta fi ƙarfinta. Ranar da ta yi arba'in yayar ta zo, ta ji ƙorafin, ta kwance bakin zane ta ciro tata ƙwayar. Ta ce, "Dalla karɓi, uwar tsoro. Ni da ke wa ya raba? Abin da ya karɓe ni ai ya karɓe ki." Ƙaramar ta yi dariya ta ce, "Yaya, ko zanen aurenki ma ai ni na ƙarasa shi." Ta kora da ruwan randa.

Da fari tashin zuciya ne, aka ce zai wuce, yayar ma ta yi shi. Nono ya ja baya, aka dama mata kunun kanwa. Ciwon kan ya dawo da ƙarfinsa, ta ɗaure goshi ta ci gaba da tuƙa tuwo. Sai sharaɓarta ta hagu ta kumbura, ta ɗauki zafi kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Matan gida suka ce sanyin jego ne. Mijin, da yake yana son ta, ya sayo man zafi. In ya tashi daga bakin titi sai ya ɗora ƙafar a cinyarsa yana murzawa da hannun nan nasa da ya saba da taya, tana cije leɓe tana cewa ya ƙara, wai tana jin yana saki. Wata safiya tana shanya kayan jariri ta dafe ƙirji, ta ce numfashi ya ƙi isa. Kafin mai Keke Napep ya kai su asibiti, rai ya yi halinsa. Da wata ma'aikaciyar asibitin ta gama yi wa mijin tambayoyi, ta daɗe tana juya sauran ƙwayoyin a tafin hannunta. Ta ce ga alama jini ne ya daskare a jijiyar ƙafar, gudan ya ɓalle ya je ya toshe huhu. Ta ce irin wannan ƙwayar ba a ba mai hawan jini, ko mai wancan ciwon kan, kuma ba a gaggawar ba mai shayarwa. Da a ce ta zo tun farko, akwai wata hanyar da ta dace da jikinta. "Awo ne kawai da tambaya, bawan Allah," in ji ta. "Ko shayinka ba zai huce ba."

Kwana ne ya ƙare, ba mai ja da wannan. Amma uwar, wadda ko kaskon turare ba ta taɓa sayarwa ba a ƙwanƙwasa ba, ta bar yumɓunta ya bushe a bayan ɗaki. Yayar ta karɓi jaririn tana goyo, ba ta iya haɗa ido da kowa. Shi kuwa mai facin yana nan a bakin titinsa. Wani lokaci yakan hango yayar daga baya, kallabi a karkace, ɗansa a bayanta, sai ya miƙe zumbur har guduma ta suɓuce masa. Sai ta waiwayo. Sai ya koma ya zauna.

Saboda haka tashi ka raka iyalinka a duba ta, ko da duk majalisa za ta zuba muku ido. Masu magana sun riga mu faɗa: kama da wane ba ta wane.