Kwatar Bayan Ɗakin Inna

Da sana'ar alale Hapsatu take riƙe da gida a unguwar New Bell da ke Duwala. Tun da matsin nan da mutanen Duwala ke kira kiriz ya shigo, aka sallami mijinta daga ofis ya tafi arewa neman abin yi, komai ya dawo kanta. Babban nauyinta kuwa mahaifiyarta ce, Inna Iyatu, wadda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. A ɗakin baya take, kan katifa a ƙasa, ko juyi ba ta iyawa sai an juya ta. Ta jikin bangon katakon ɗakin nan kwata ta bi, ita ke kwashe ruwan layin gaba ɗaya ta zuba a wani bututu da ke ƙarƙashin titi.

A da, da ganyen ayaba ake ƙulla alale a gidan. Inna ce ta koya mata: in an gama ci a watsa ganyen a kwata, kafin sati biyu ya ruɓe, ruwa ya tafi da shi. Shekara talatin ana haka, ba a taɓa samun matsala ba.

Sai ganye ya yi tsada, ga farar leda tuli a kasuwa. Hapsatu ta koma leda. Abin ƙulli ya canja, amma hannu bai canja ba. Masu ci a ƙofar gida su yar, ita kuma ta bi da tsintsiya ta tura kwata, kullum ta Allah.

Maƙwabcinta Malam Abdulganiyu ya yi shekara tara a wani kamfanin leda kafin shi ma a sallame shi. Wata safiya ya tarar da ita tana shara.

"Yaya Hapsatu, ki daina tura ledar nan kwata. Ba ganye ba ce fa."

"To me za ta yi? Ta ruɓe mana."

"Ba ta ruɓewa. Aikinta na yi, na san ta. Ruwa ba ya ratsa ta, tsutsa ba ta cinta, ko gara ba ta kula ta. Rana ce kaɗai ke farfasa ta, ita ma sai dai ta dagargaje ƙanana, ba ta zama ƙasa. A cikin laka kuwa, jikokinki za su tono ta. Ki ɗauraye ki tara a buhu, akwai masu karɓa su narka su yi bokiti."

Hapsatu ta dogara tsintsiya ta yi dariya har da riƙe ƙugu.

"Malam, ƙasar da ke cinye mutum har ƙashinsa, ita leda za ta gagara? Kai dai zaman banza ne ya ishe ka. Ni ina na ga lokacin wankin shara?"

Abin da ke ba ni haushi da mu ke nan. Wanda ya sani ya faɗa maka kyauta, ka mai da shi abin dariya. Kuma ba ita kaɗai ke zubawa ba, sai dai tata ta fi ta kowa yawa.

Damina biyu ta wuce lafiya, ba wanda ya leƙa bututun. A ta uku, wata Laraba da hantsi, Hapsatu ta gyara wa Inna kwanciya, ta ja ƙofa, ta tafi babbar kasuwa, Marché Central, sayen wake. Tana can ruwa ya kece, irin na Duwala da ba ya shawara. Ta fake a rumfa hankalinta kwance.

Ruwa ya gangaro kwata, ya iske leda ta haɗu da laka ta toshe bakin bututu gam. Ya rasa hanya, ya dawo baya, ya shiga ta ƙarƙashin katako. Inna ta yi ta kira, amma ƙarar ruwa a kan kwano ta shanye muryarta. Sai da Malam Abdulganiyu ya ga ruwa a nasa ɗakin ya tuna da tsohuwa. Ya ɓalle ƙofa, ya same ta ruwan kwata ya kai mata haɓa, tana karkarwa.

Aka kai ta asibiti. Sanyi ya riga ya kama ƙirji, ga ƙazamin ruwan da ta haɗiya. Kwananta huɗu ta cika.

Bayan sadakar uku mazan layin suka fito da shebur suka haƙe bututun. Leda ce ke fitowa, buhu bayan buhu, ƙanana farare irin na alale. In an karkaɗe laka sai ka gan ta garau kamar jiya aka yar. Hapsatu na tsaye tana kallo. Can ta durƙushe a bakin kwatar.

"Da hannuna na toshe wa Inna," ta ce, ta fashe da kuka.

Jama'a, leda ba ganye ba ce, ƙasa ba ta cinta. Duk wadda ka jefa a kwata tana nan tana jiran ruwa. Ka tara ta ka ba masu narkawa, kada ka toshe hanyar ruwa da hannunka.