Bayan Danga

Sau ɗaya Dakta Kamaruddeen ya saurari kundin waƙar, a cikin mota, yana ɓare gyaɗa. Kafin ya isa gidan rediyon da yake aiki ya gama yanke masa hukunci.

Sunan kundin "Bayan Danga". Wani Najib ne ɗan unguwar Bacirawa ya haɗa shi da kwamfuta ya zuba a intanet. Ba kalangu, ba amshi, ba inda za a taka rawa. Wani gunji ne yake tafiya a hankali kamar injin niƙa daga nesa, a ƙarƙashinsa ana jin daka, da kukan kurciya, da ƙarar wata ƙofar langa-langa. A kan wannan duka sai muryar wata tsohuwa, an ja ta da na'ura har ta yi kauri, tana magana ita kaɗai.

"Wancan ya tafi da damina. Na ajiye masa tuwo, ya kwana, ya yi tsami, na ba kaji. In mota ta tsaya a bakin hanya sai tsintsiya ta faɗi daga hannuna. Ba ta wancan ba ce."

Haka har minti arba'in. Samari da 'yan mata suka dinga tura wa juna, wasu har da cewa sun yi kuka. Wannan ne ya ƙona wa Dakta rai. Shekara goma sha biyu yana sharhin waƙa duk Asabar, wanda ya yaba ya tashi, wanda ya kushe ya koma sayar da katin waya. Yau ga abu ya yi suna ba a nemi albarkarsa ba.

"Jama'a, wannan ba waƙa ba ce, firji ne ya lalace," ya faɗa a shirin. "Soyayyar 'yan boko ce aka ɗaura mata zane. Ni ɗan ƙauye ne gaba da baya. Wace tsohuwa ce a ƙasar Hausa za ta zauna tana begen namiji, wancan, wancan, ba kunya ba tsoron Allah? Na'ura ce ta ƙirƙiri muryar. A kawo min tsohuwar nan da ranta, ni kuwa na bar kujerar nan har abada!"

Najib ya bugo waya ana tsakiyar shirin. "Ranka ya daɗe, tana nan da ranta. Amana ta ba ni, ta ce kada in faɗi ko wace ce."

Dakta ya ƙyalƙyale da dariya, ya sa aka katse layin.

Sai dai magana zarar bunu ce. Gari ya ɗauka, ana ta tambayar wa zai ji kunya tsakaninsu, kujerar Dakta kuwa ita ce duk abin da yake taƙama da shi. Don haka ya shirya hujjar da za ta rufe bakin kowa: zai je ƙauyensu da ke gefen Tsanyawa, ya kunna wa matan ƙauye na gaske, ya naɗi dariyarsu, ya saka a shirin mako mai zuwa.

Ɗan ƙauye gaba da baya sai da ya tambayi hanya sau biyu, don gero ya yi tsayi ya rufe kwanar. Rabonsa da garin damina uku, shi ma ta'aziyya ce, ko injin mota bai kashe ba. Amma fa ba ya fashin aiko da shinkafa duk azumi.

Ya tura ƙofar gidan ta yi ƙara, ya yi tsaki. Inna, mahaifiyarsa, tana gindin turmi tana tsince wake. Ta amsa gaisuwarsa idonta a cikin ƙwarya, kalma biyu, kamar yadda ta saba. Ƙanwarsa Sauda ce ta shimfiɗa masa tabarma, ita ce kuma ya aika ta tara masa matan maƙwabta.

Ya dasa waya ɗaya tana naɗa, ya kunna ɗayar.

Gunjin ya cika tsakar gida, muryar ta biyo. Babu wadda ta yi dariya. Wata ta kalli wata. Wata dattijuwa ta kai gefen mayafi ta toshe baki, Dakta ya ji daɗi, ya ce a ransa dariyar ce take dannewa.

"Ku saki jiki mana, ku dara," ya ce. Da ya ga shiru sai ya taimaka musu. Ya ranƙwafa, ya karya murya: "Wancaaan ya tafi da daminaaa! Kun ji tsohuwa mai budurwar zuciya. Da a garin nan take, ai da an kai ta an yi mata ruƙiyya."

Inna ta ajiye ƙwaryar a hankali, ta shiga ɗaki, ta saki asabari. Matan suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya, ba sallama.

Dakta ya juya wajen Sauda yana murmushin nasara. "Kin gani ko? Ko Inna ta kasa jure wannan shirmen."

Sauda ta miƙa hannu ta kashe wayar da kanta, abin da ba ta taɓa yi wa kayansa ba. 

"Inna ta ji ka ran Asabar, Yaya, shirinka ba ya wuce ta. Bara yaron nan Najib ya zo ɗaukar ƙarar daka, ya manta abinsa a kunne a bayan danga, ita kuma tana ta magana ita kaɗai kamar kullum. Da ya ji, ya roƙe ta, ta yarda, amma ta ce kada ya faɗi ko wace ce." Ta share ido da bayan hannu. "Ba miji ba ne, ba saurayi ba ne. Duk karatun nan naka, ka manta uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari?"