Akwati Mai Kwaɗo Biyu

Tun daga Randagi Malam Salmanu yake dungurin kafaɗar Mamuda da yatsa.

"Ƙara wuta mana. Da wannan tafiyar ai gara ƙafa."

"Hedimasta, hanyar dajin nan ba ta son gaggawa," in ji Mamuda, ya sake rage gudun babur ɗin.

Mamuda kaɗai ya rage yana kiransa Hedimasta. Sauran mutanen gari Malam suke cewa a gabansa, a bayan idonsa kuwa "mai sayar da jarrabawa".

Ga yadda sunan ya samo asali. A wancan lokacin ana kai takardun jarrabawa makarantun ƙauye a cikin akwatin ƙarfe na gwamnati mai kwaɗo biyu. Makulli ɗaya yana hannun hedimasta, ɗaya yana hannun mai duba makarantu, don kada mutum guda ya iya buɗewa. Amma masu dubawa ba sa son hawa wannan hanya sau biyu, sai su bar wa hedimasta nasu makullin su koma gari. Kowa ya san ana haka. Shekarar da Bakoji mai dubawa ya bar wa Malam Salmanu nasa, tambayoyi suka bazu a gari kafin ranar jarrabawa.

Kwamitin bincike ya duba kwaɗuna biyu, ya tarar da su lafiya. Ya tambayi wa ke riƙe da makullai. Daga nan ya rufe magana. Malam Salmanu ya yi ta faɗa musu su juya akwatin. Da idonsa ya ga an yanke ƙarfen da ke riƙe da murfin ta baya, an mayar da walda, an shafa fenti wanda ko kala bai zo ɗaya da na asali ba. Babu wanda ya tashi daga kujerarsa ya duba. Aka sallame shi, aka jefa akwatin a siton ofishin ilimi a Birnin Gwari, aka kulle.

Shi dai Malam Salmanu, Bakoji yake zargi, har gobe. Malaman da ya yi aiki da su duk suka janye jiki, ban da Mamuda, malamin sana'ar hannu. Shi ke zuwa gaishe shi ranar Juma'a. Shi ke karɓar takardun koken da Malam yake rubutawa ya ce zai kai ofis, tunda ƙafar Malam ta fara ciwo. Amsa ba ta taɓa zuwa ba.

A bana abubuwa biyu suka faru kusan tare. Wani sabon jami'in ilimi ya zo ta'aziyya Randagi, Malam ya tare shi a ƙofar masallaci, mutumin ya saurara har ƙarshe, ya ce in akwatin yana nan kuma waldar tana nan, zai sa a sake zama. Bayan kwana kaɗan aka ji sanarwa cewa za a rabu da tsofaffin akwatunan tsaro: a farfasa kwaɗunan a gaban jami'ai, ƙarfen kuma a yi gwanjonsa. Mamuda ya ce Hedimasta ya huta, shi zai shiga gari ya tambayo ranar. Ya dawo ya ce sai Alhamis da yamma.

Yau ce Alhamis ɗin. Sun tsaya shan mai. Sun tsaya ƙara iska. A shingen 'yan sintiri Mamuda ya gaisa da kowa har da tambayar iyali. Malam yana kan babur yana cizon leɓe. Mutumin da ya ɗauko ka kyauta ba ka yi masa tsawa.

Da suka isa, siton a buɗe yake, an share shi tas.

"Gwanjo? Ai tun Talata aka gama, Baba," in ji mai gadin wurin. "'Yan gwangwan sun kwashe. Guda ɗaya ne na ji wani ya zaɓa ya kai maƙera, bayan kasuwa."

Malam Salmanu bai tsaya jin sauran ba. A bakin lungun maƙera Mamuda ya kashe babur, ya ce tayar baya tana masa wani iri, Hedimasta ya shiga, yana nan tafe.

Malam ya shiga yana ɗingishi. Tun daga nesa ya gane koren fentin. Gaban akwatin yana jingine da bango, cikakke, har da lambar makarantarsa. Bayan kuwa babu shi. Abin da ya rage yana cikin wuta ya yi jajir, maƙerin yana juya shi da awartaki zai fitar da ruwan fartanya.

"Tsaya!" Muryar Malam ta fashe. "Ka san abin da ka ƙona? Mutuncin mutum ne! Wa ya kawo maka shi? Bakoji ne ko? Dogo, mai tabo a goshi?"

"Wallahi Baba ban tambayi suna ba," in ji maƙerin. "Aiki aka ba ni."

Ya ɗaga kai zai share gumi, idonsa ya wuce kafaɗar Malam zuwa bakin lungu, inda Mamuda ya tsaya. Sai fuskarsa ta saki, ya ɗaga awartakin sama yana murmushi.

"Af, ai ga mai kayan can a jikin babur. Malam! Sannu da dawowa! Da bayan akwatin na fara, wajen waldar nan, kamar yadda ka ce!"